Kwanon Saje Haggai Ya Sha Fenti

Duk wanda ya taɓa zama a Rikoto ya san Ebenezer. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don shi irin mutanen nan ne da maganarsu kan riga su shiga gida. Ya yi 'yan watanni a Abuja yana aiki a wani shagon buga katin biki, ya dawo Zuru da jaka mai taya, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da sabon suna, wai Kwansoltan. In ka tambaye shi kwansoltan na mene ne, sai ya ce, "Na komai. Kawo matsalarka."

Matsalar da ta gagare shi ita ce tasa. Yana son Magdalene, 'yar Saje Haggai, ita ma ba ta ƙi shi ba, don yana ba ta dariya, wani lokaci ma da gangan. Sai dai Saje Haggai tsohon soja ne da ya yi yaƙin Laberiya, shi ne kuma shugaban ƙungiyar tsofaffin sojojin unguwar, kuma ba ya sayen magana ko an yi masa ragi. Ranar da dangin Ebenezer suka je gaisuwa, tsohon ya dube shi tun daga tabarau har takalmi, sannan ya ce:

"Ni golmo na yi kafin a ba ni uwar yarinyar nan. Shekara bakwai ina noma gonar surukina, ni da abokaina, rana ta dake mu, ruwa ya dake mu. Na san zamani ya juya, ban ce ka ɗauki fartanya ba. Amma ka nuna mini abu ɗaya da ka fara da hannunka ka gama shi. Ranar taronmu na shekara, in an tashi, zan ba ku amsa."

"Baba Saje, an gama," in ji Ebenezer.

"Ba a fara ba," in ji Saje.

Ana cikin haka sai goggon Magdalene da ke aikin jinya a Ingila ta aiko mata da wani ɗan akwatin katako, cikinsa da laushi kamar kunnen zomo, an rubuta kalma ɗaya a kan murfin: Keepsake. Magdalene ta kawo wa Ebenezer a gindin mangwaron ƙofar gidansu.

"Eben, kai da Turanci ke yi wa biyayya, mece ce wannan?"

Ebenezer ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Bai taɓa ganin kalmar ba tun da uwarsa ta haife shi.

"Sunan kamfani ne," in ji shi. "A Jamus yake. Suna yin firji."

"Firji."

"Da fanka."

"To, goggo ta ce in na ji ma'anar kalmar sai na yi hawaye."

"Gaskiyarta. Kayansu da tsada."

Daga nan ya ce yana da ganawa da wasu manya, ya miƙe sai teburin Nagoggo mai shayi, inda ake samun cajin waya. Ya soka waya, ya rubuta kalmar, ya karanta, ya sake karantawa. Fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci dami a kala.

"Nagoggo! Ajiye kofin nan ka sha ilimi."

"Da ƙwai ko ba ƙwai?"

"Kalmar nan, keepsake. Ka san me take nufi?"

"Ai kac ce ma ɗiyar Saje firji ne. Labari ya riga ka isowa."

Ebenezer ya yi kamar bai ji ba. Ya hau kan benci ya tsaya, don a ganinsa ilimi ba ya fita daidai in mutum yana zaune.

"Kalma biyu ce aka ɗaura wa aure. Ta farko keep, wato ka riƙe, ka adana. Ta biyu sake, wato albarkacin wani. Abin da ka adana albarkacin wanda ya ba ka, ko wanda ya tafi ya bar ka, don in ka gani ka tuna da shi. Turawan Ingila suka ƙera ta, sama da shekara ɗari biyu ke nan. A wancan zamani in saurayi zai shiga teku, budurwarsa sai ta yanko gashin kanta, a sa a cikin ɗan gida na zinariya, ya rataya a wuya."

"Gashin mutum?" in ji Nagoggo. "Nan in aka kama ka da gashin ɗiyar mutane rataye ga wuya, ba teku za ka ba, gaban alƙali za ka."

'Yan kabu-kabun da ke kan benci suka bushe da dariya. Ɗayansu ya ce, "To ai abin tunawa ke nan. Mu ma muna da shi."

"Abin tunawa daban, keepsake daban," in ji Ebenezer. Ya juya musu wayar. "Ku kalli hotunan. Kun ga tsatsa? Kun ga datti? Komai na walƙiya a cikin gilashi. Bambancinmu da su ke nan. Mu muna da kayan, su suna da kalmar, suna kuma da man gogewa."

Yana faɗin haka sai dabara ta faɗo masa, har sai da bencin ya girgiza. A ƙasar Zuru da wuya ka shiga gida uku ba ka samu wanda ya yi soja ba, kuma kowane tsohon soja yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Duk keepsake ne, masu shi ne ba su sani ba! Shi Ebenezer zai tattaro su, ya shirya bajekolin da ba a taɓa yi ba, a ranar taron ƙungiya, a gaban idon Saje Haggai.

"Su sun yi golmon gona," in ji shi, yana buga goshinsa da yatsa. "Ni zan yi golmon ƙwaƙwalwa."

"Allah shi sa akwai damina a wurin," in ji Nagoggo.

Abin mamaki, Saje Haggai bai ƙi ba. Ya daɗe yana damuwa da yadda 'yan ƙungiyarsa ke raguwa duk shekara, jikoki kuwa ba su san komai ba sai waya. Ya shiga ɗaki ya fito da wani kwanon cin abincin soja, baƙi, a lotse, da rami a gindinsa wanda yatsa zai shiga.

Kowa a Rikoto ya san labarin kwanon nan, har akuyoyi. A Laberiya yana cikin jakar da Saje ya rungume a ƙirji ranar da aka yi musu kwanton ɓauna. Harsashi ya huda kwanon, ƙarfinsa ya mutu, ya tsaya a fatar Saje. Abokinsa Kofur Abel da ke gefensa bai samu kwanon da zai tare masa ba. Ebenezer ma an sha ba da labarin a gabansa, amma shi in wani na magana ba saurare yake yi ba, jiran layi yake yi.

"Wannan ramin da kake gani," Saje ya fara.

"Baba Saje, kafin ka ci gaba, ka san kalmar nan kashi biyu ce?"

Ya kwashe ta tun daga keep har teku, har gashin budurwa. Kafin ya gama, tsohon ya tuna lokacin shan maganinsa ya yi, ya shige ciki.

Daga nan sai gidan Mama Gladys, matar marigayi Kofur Abel. Da ta ji Saje ne ya amince, sai ta buɗe akwati ta ciro wata leda da aka naɗe cikin wata ledar. Rigar sojan mijinta ce, ta ƙarshe da ya sa ya cire, wadda Saje ya dawo mata da ita cikin kayansa. Ba a taɓa wanke ta ba. Duk Kirsimeti takan buɗe ledar ta sa hancinta a wuyan rigar, ta ce yana nan. Ko yana nan ko ba ya nan, ba a taɓa samun mai ƙarfin halin yi mata gardama ba.

"Ɗana, kada ka bar ta a buɗe, iska tana..."

"Mama, ki kwantar da hankalinki. A Ingila akwai rigunan da suka fi wannan tsufa, in kin gan su sai ki rantse jiya aka ɗinka."

Sai Baba Aaron, wanda ya yi aiki da manyan bindigogi har kunnensa ya yi ritaya kafin shi. Shi ba kayan soja ya bayar ba. Fartanyar da ya yi golmo da ita ya ɗauko, ruwanta ya cinye ya koma kamar tafin hannun jinjiri, ƙotar kuwa yatsunsa sun yi mata gurbi.

"Da wannan na samo matata," in ji shi da ƙarfi. Matar ta rasu bara.

Ebenezer ya yi masa laccar gaba ɗaya. A duk faɗin Zuru, Baba Aaron ne kaɗai ya saurare ta har ƙarshe yana murmushi.

Wasu suka ba da takalma, wasu bel, wani usur, wani hula. Ebenezer ya baje su a tsakar ɗakinsa, ya kalli kayan, ya kalli hotunan waya. Tsatsa, lotsa, ƙura, ga wani wari kamar an buɗe tsohon rumbu.

"Wannan zan nuna wa duniya? Ai sai a ce bola na buɗe."

Magdalene ta leƙo ta taga, ya yi maza ya ja labule, wai abin mamaki ne, ba a gani sai ranar.

"Ka dai mayar wa kowa abinsa yadda ya ba ka," in ji ta.

"Fiye da yadda ya ba ni."

Ta ɗauka irin maganarsa ce ta kullum, ta wuce kasuwa.

Ya fara da kwanon. Ya kai wa Mode mai gyaran jikin mota a bayan tasha, wanda bai daɗe da zuwa daga Wasagu ba, bai san labarin kowa ba, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar lotsa.

"Wa yay yi ma wanga kwano haka?" in ji Mode. "Tirela ta taka shi?"

"Sakaci ne irin namu. Za ka iya?"

"Ni da nim miƙe motar da ta faɗa gada? Zamna ka gani."

Ya like ramin da walda, ya buge lotsar, ya shafe, ya goge har kwanon ya yi sumul kamar goshin amarya. Ebenezer ya ce a yi masa fenti ruwan zinariya. Mode ya duba gwangwanayensa, ba abin da ya rage sai ruwan ɗorawa, ragowar fentin wata keke mai ƙafa uku.

"Ƙanen zinariya ne," in ji Mode. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Aka fesa.

Fartanya kuwa maƙeri aka kai wa a kasuwa. Ebenezer ya ce a cire wannan guntun ƙarfen abin kunya a sa ruwa na kirki. Garin cirewa tsohuwar ƙotar ta tsage biyu. Maƙeri ya ce ba laifinsa ba ne, itacen ya girme shi. Aka sa sabuwar ƙota. Tsohuwar ta shiga wutar maƙera, guntun ƙarfen kuma kafin la'asar masu sayen tsofaffin ƙarafa sun wuce da shi a baro. Ebenezer ya ɗaga fartanyar sama, rana ta haska ta.

"Kai! Kamar sabuwa!"

"Sabuwa ce," in ji maƙeri.

Takalman ya sa aka yi musu sabuwar dunduniya, bel aka huda masa sababbin ramuka, hular da asu ya ci aka yi mata faci. Rigar Mama Gladys kuwa ya ce ba mai taɓa ta sai shi, tun da Saje ya ce da hannunka.

Yana buɗe ledar ya kau da kai. "Haba! Shekara da shekaru ba wanda ya tausaya wa matar nan da sabulu?"

Ya jiƙa ta da garin sabulu, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya sake cuɗawa. Wani duhu a wuyan rigar ya ƙi fita, sai ya tsiyaya mata ruwan bilic, ya tafi shan shayi.

"Kwansoltan, yaya golmo?" in ji Nagoggo.

"Muna matakin tsaftacewa."

"Mi kake tsaftacewa?"

"Tarihi."

"To, a yi dai a hankali. Na san wani da yaw wanke tarihi, har yau ba a gane shi ba."

Da ya koma, rigar ta tashi daga kakin soja ta koma kalar koko, da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Wani zai tsorata. Ebenezer cewa ya yi ƙaramin abu ne, ya sayo garin rini kore. Rigar ta fito kore shar kamar ganyen alayyafo a fadama. Ya ce ai sojan ma da sun samu wannan koren da shi za su zaɓa.

Saura guga. Ba wuta, sai ya aro dutsen guga na gawayi. Ya ɗora a bayan rigar, idonsa ya faɗa kan madubi, sai ya tuna bai gwada jawabinsa ba.

"Manyan baƙi, iyayena sojoji, kalmar da ta tara mu a yau..."

Ya kai wurin gashin budurwa ke nan ya ji ƙauri. Dutsen guga ya zauna a bayan rigar ya bar hotonsa, da hancinsa da komai, ana hango tabarma ta cikin ramin.

A nan ne ya yi abin da har yau yake cewa shi ne mafi hikima a aikin. Ya kai wa tela, ya ce a rufe ramin da farin ƙyalle, a ɗinka kalmar a kai da jan zare, manyan baƙaƙe, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Tela ya ɗinka. Rigar ta fito kamar ta mai tsaron gida a ƙwallo. Ƙaurin bai gama fita ba, sai Ebenezer ya juye mata rabin kwalbar turarensa.

Gilashi kaɗai ya rage. Ya je ya lallaɓi wata mai sayar da fanke a bakin tasha ta ara masa akwatin gilashinta, bisa alkawarin zai ambaci sunanta a lasifika. Aka ɗaure akwatin a bayan kabu-kabu, shi yana zaune a kan tanki yana ba da umarni.

Ranar taro, filin makarantar unguwa ya cika. Tsofaffin sojoji sun sha huluna da lambobin yabo, wasu da sanda, wasu da jikoki a madadin sanda. Matan zumunta na coci sun zo da anko da tulunan kiɗa. Fasto ya yi addu'a, liman ya yi addu'a, aka yi shiru na ɗan lokaci don waɗanda ba su dawo ba. Nagoggo ya kafa teburinsa a gefe, kusa da janareta. Magdalene tana zaune bayan mahaifinta. A tsakiyar fili ga teburi an lulluɓe da farin ƙyalle, bayansa ga wani ƙaton allon leda da kalmar a ƙasa, hoton Ebenezer a sama, hoton ya ninka kalmar sau uku.

Aka ba shi lasifika, wai ya yi gajeren bayani. Ya fara da keep. Kafin ya iso sake, kiyashin da suka biyo sukarin akwatin fanke sun gangaro ta ƙafar teburi sun sami ƙafar wandonsa. Ya ci gaba da bayani yana ɗaga ƙafa ɗaya yana saukewa, yana ɗaga ɗayar.

"Fareti yake yi?" wani tsoho ya tambaya.

"In fareti ne, ba a ƙasar nan ya koya ba," in ji na kusa da shi.

Da ya ga mutane sun fara neman inuwa, sai ya kama bakin ƙyallen. "Iyayena, kun ba ni tsofaffin kaya. Ga abin da na mayar muku!"

Ya fizge.

Fili ya yi tsit. Ebenezer ya ɗauka mamaki ne, ya ɗan rusuna.

Baba Aaron ne ya fara tasowa. Ya zagaya teburin, ya leƙa ƙarƙashi, ya dawo.

"Ina tawa?"

"Ga ta nan, Baba, a gabanka."

"Me ka ce?"

Ebenezer ya kai lasifika bakinsa, yadda har masu wucewa a titi suka ji. "Na ce ga ta nan! Ita ce!"

"Wannan ta kasuwa ce."

"Ita ce, Baba! Ruwan kawai muka canza! Da ƙotar!"

Baba Aaron ya juya fartanyar, ya nemi gurbin yatsunsa, bai samu ba.

"Ruwa da ƙota. To me ya rage?"

"Tarihin, Baba!"

"Wa?"

"Tarihin!"

"Ina yake? Kira shi ya kawo mini fartanyata."

Dariya ta ɓarke a bayan fili, amma a layin gaba, inda tsofaffi suke, ba wanda ya yi. Wani ya gano takalmansa ya fara salati. Mai hula ya ce hularsa ba ta da faci ko a lokacin da take da rai.

Sai Mama Gladys ta taso a hankali. Ta wuce rigar sau biyu ba ta gane ta ba, sai da Ebenezer ya ciro ta daga akwatin ya miƙa mata da hannu biyu, yana murmushi. Ta karɓa. Ba ta dubi launin ba, wuyan rigar ta nema, ta sa hancinta, ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Ta matsa gefe guda na wuyan, ta sake shaƙa. Ta juya hammata.

"Ƙamshin wane ne wannan?"

"Nawa ne, Mama. Ɗan Dubai ne. Ba sai kin biya ba."

Ta juya bayan rigar ta ga jan rubutun. Ba ta yi ihu ba. Ta ninke rigar daidai, hannu a kan hannu, yadda ta saba, ta ajiye a kan teburin.

"Ba tawa ba ce," in ji ta.

Ta koma ta zauna. Matan zumunta suka ajiye tulunan kiɗa a ƙasa, duka a lokaci ɗaya, kuma duk wanda ya girma a Zuru ya san wannan ba alamar waƙa ba ce.

Saje Haggai ya miƙe. Ya tako har gaban teburin, ya ɗauki kwanon ruwan ɗorawa, ya juya gindinsa, ya shafa da yatsa. Ya ɗaga shi saitin rana. Ko ɗigon haske bai ratso ba.

"Ina ramin?"

"An like, Baba Saje!" in ji Ebenezer, ya samu abin da zai yi alfahari da shi. "Yanzu ko kunu ka zuba ba zai yi yoyo ba."

Daga cikin taro Mode ya ɗaga hannu. "Ni niy yi aikin, ranka shi daɗe! Garejina na bayan tasha!"

"Tun da na dawo daga Laberiya," in ji Saje, muryarsa ƙasa-ƙasa, "duk safiya sai na sa yatsana a ramin nan kafin in yi addu'a. Nan mutuwata ta shiga ta fasa."

"Baba Saje, na fahimta. Amma in muka koma ga asalin kalmar..."

Lasifika ta mutu. Nagoggo yana tsaye da wayar janareta a hannu. "Ta zame," in ji shi.

Tsofaffin sojoji suka fara tashi. Ba a taɓa ganin farmaki mai sanyin tafiya irin wannan ba: gwiwoyi na ƙara, sanduna na neman ƙasa, wani sai da jikarsa ta ɗaga shi sannan ya shiga sahu. Amma sun yi wa teburin zobe yadda aka koya musu, matan zumunta kuma sun tare hanyar ƙofa. Ebenezer ya ja da baya yana cewa a tsaya a yi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya ci karo da teburi, teburi ya kife, ƙafarsa ta dama ta faɗa cikin akwatin gilashi har gwiwa. Mai fanke, wadda ta zo jin sunanta a lasifika, ta ɗora hannu a ka ta fara kiran nasa sunan, da na iyayensa.

"Atenshan!" Saje Haggai ya daka tsawa.

Kowa ya ƙame, har mai fanke. Ebenezer ma ya ƙame, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a akwati.

"Ba mai taɓa shi," in ji Saje Haggai. "Na ce in an tashi zan ba shi amsa. Ba sai an tashi ba."

Ya ajiye kwanon a ƙasa, ya dubi Ebenezer.

"Na ce ka fara abu ka gama. Ka gama, ban musa ba. Ba abin da ka bari. To, 'yata tana da tabo a haɓa. Tana rarrafe ta faɗa kan dutsen niƙa, uwarta, Allah ya ji ƙanta, ta yage bakin zaninta ta ɗaure mata. Duk lokacin da yarinyar nan ta ɗaga kai, uwarta nake gani. In na ba ka ita, wata rana in zo gaisuwa in tarar ka kai ta bayan tasha."

"Ni ba ni aikin mutane sai mota, ranka shi daɗe," in ji Mode.

Wannan karon har layin gaba sai da ya yi dariya.

"Baba Saje, wannan zalunci ne!" in ji Ebenezer, yana ƙoƙarin zare ƙafa. "Kwano daban, mutum daban! Magdalene, ki faɗa musu! Na taɓa cewa wani abu a kan tabon nan? Ki faɗa musu gaskiya!"

Duk fili ya juya gare ta. Magdalene ta tashi, ta buɗe jakar hannunta, ta lalubo wata 'yar kwalbar man shafawa da ko murfinta ba a taɓa buɗewa ba. Ta tako ta ajiye ta a ƙasa, kusa da kwanon mahaifinta.

"Kirsimetin bara ya ba ni," in ji ta. "Ya ce in shafa a haɓa, safe da yamma."

Sannan ta je ta kama hannun Mama Gladys, matan zumunta suka buɗe musu hanya.